Tubalin da Aka Zare

Shekara biyar na yi ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Batsari, kuma duk tsawon lokacin kwamfutar makarantar ɗaya ce tak. Tana ofishin shugaban makaranta, an lulluɓe ta da atamfa kada ƙura ta taɓa ta, balle ɗalibi. A allo nake zana madannai da alli, yara su kwafa a littafi. Ba tausayi nake nema ba. Na faɗa ne don a san irin yunwar da ke cin wanda ya iya abu amma ba shi da wurin gwada shi, domin yunwar nan ce ta haɗa ni aiki da aminina.

Aminin nan nawa ɗan Safana ne. A kwaleji muka haɗu, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Da muka gama, ni na kama koyarwa, shi ya buɗe shagon gyaran waya da caji a bakin kasuwarsu, ya kafa sola a saman rufi. Allah ya hore masa baki. Zai iya sayar wa mai rijiya ruwa, har mai rijiyar ya yi godiya. Ni kuwa in aka tara mutum biyar aka ce in yi bayani sai gumi ya karyo mini, amma a ba ni laftof a rufe ƙofa a ga aiki. Yakan ce da ni Malam Ba-a-gama-ba, ni kuma in ce da shi Rediyo. Shekara da shekaru ba mu taɓa yin faɗan da ya kwana ba.

Mutane sukan zo shagonsa da buƙatu. Mai kyamis yana son abin da zai tuna masa maganin da ya kusa lalacewa. Malamin dabbobi yana son ya riƙa sanin garken da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba. Shugaban masu noman gyaɗa a Karare yana son tura saƙo ga mutanensa a lokaci ɗaya. Aminina ya karɓi aiki da baki, ya turo mini, ni kuma in fara rubuta manhaja tun daga tushe, kullum kamar ban taɓa yi ba. Ga shi manhajojin da ake kawowa daga birni ba sa jure zamanmu. Da sabis ya ɗauke sai su sandare, kuma a wajenmu sabis baƙo ne, zuwa yake ya tafi ba sallama.

Wata damina katangar gidanmu ta faɗi, na zauna ina kallon magini yana tayar da ita. A nan na ga wautata. Shi bai sake ƙirƙiro gini ba, tubali ya jera. Na ce to me zai hana mu ma mu yi haka? A rubuta ƙananan guntaye, kowanne da aikinsa guda ɗaya: wannan ya ɗauki hoto, wannan ya ajiye bayani a cikin waya ko babu sabis, wannan ya naɗi murya saboda wanda bai iya karatu ba, wannan ya tura saƙo in sabis ya dawo, wannan ya nuna wuri a taswira. A yi musu harsashi guda wanda duk za su zauna a kai. Duk wanda ya ɗan iya rubuta manhaja sai ya ɗebi waɗanda yake so ya jera, ya sami abinsa cikin kwana biyu maimakon wata biyu. Muka riƙa kiran kowane guntu tubali.

Doka ɗaya na kafa, kuma na riƙe ta kamar karatun sallah. Kowane tubali dole ya zaru ba tare da ginin ya girgiza ba. Har rana muka ware a wata, muna ce mata ranar zara. Mu zauna a shagon aminina mu riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya muna kunna manhajar, in ta tsaya cak to wanda ya rubuta wannan wurin shi zai sayi tsire. Yawanci aminina ke saye, don shi ma yana ɗan taɓa rubuta manhaja. Ina alfahari da dokar nan ƙwarai, har ɗalibaina sun gaji da jin ta.

Da yake data tsada gare ta kuma sabis ba tabbas, a filashi, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, aikin ke yawo tsakaninmu. In naɗe shi a leda in jefa cikin gwangwanin man shafawa, in ba wani mai mashin da ke jigilar Batsari da Safana ranar kasuwa. Bayan mako gwangwanin ya dawo da gyaran aminina, wani lokacin har da ƙuli-ƙuli a ciki. Haka muka yi shekara uku. In hanya ta yi zafi masu mashin suka daina fita, aikin ya tsaya, mu ma mu tsaya.

A cikin shekara ta biyu ne Kawu ya shigo labarin. Mahaifina Bahaushe ne, tela, amma mahaifiyata Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Runka, kuma Kawu yayanta ne. Tun ina yaro Kaɗo yake ce mini, wato Bahaushe a bakin Fulani, yana tsokanata wai ban san gaban saniya da bayanta ba. A shekarar ɓarayin daji suka kore masa wani ɓangare na garke. Bayan watanni ya ga ɗaya daga cikinsu a wata kasuwa. Ya kira ta da sunanta, ta ɗago kai ta yi kuka ta nufo shi tana jan igiya. Amma wanda take hannunsa ya fito da takarda, aka ce wa Kawu kukan saniya ba shaida ba ne. Ya dawo gida, mahaifiyata ta ce kwana uku bai ci tuwo ba.

Na hau mashin na je na same shi. Na ce zan haɗa masa abu a waya: hoton kowace saniya, da tsagar kunnenta, da launinta, da muryarsa yana faɗin sunanta da na uwarta. In aka sake ganin tasa a hannun wani, akwai abin nunawa. Ya daɗe yana kaɗa sandarsa a ƙasa.

"Kaɗo, wa zai gani in ba ni ba?"

Na ce babu.

"To abu biyu. Kak ka nuna ma kowa. Kuma kak ka ƙirga mani su."

Wanda bai zauna da makiyaya ba zai ɗauka na biyun wasa ne. Ba wasa ba ne. Kawu bai taɓa ƙirga shanunsa ba, ubansa ma bai taɓa ba. Da suna ya san su, gida-gida, wannan 'yar wance ce, waccan jikar wance. Da yamma in suna shigowa ido kawai yake bin su da shi, in ɗaya ta ɓata sunanta zai kira, ba zai ce saura ɗaya ba. Makiyaya sun ce ƙidaya tana kore albarka, tana jawo baki. A zamanin nan kuma an sami ƙarin dalili, domin wanda aka san yawan dukiyarsa da inda take kwana ya zama abin farauta, kuma masu kai rahoto daji a cikin mutane suke.

Na yi masa alkawari. Na koma na rubuta sabon tubali na kira shi makulli, wanda ba ya barin a buɗe komai sai da kalmar sirri, kuma ba ya barin bayani ya fita daga wayar. Na tabbatar babu inda manhajar ke nuna jimla. Da aka yi hutu na je na yi kwana huɗu a rugar ina bin shanu da waya, suna kaɗa mini jela a fuska, matan gidan suna dariyar ɗan birni. Kawu ya tsaya kusa da kowace yana faɗin sunanta a hankali, kamar mai gabatar da iyalinsa ga baƙo. Ni kaina da na bi su ɗaya-ɗaya ban yarda na haɗa lissafi ba.

Ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Mai rubuta manhaja yana buƙatar bayanan gwaji, kuma na ƙarya ba sa tono kuskure kamar na gaskiya. Shanun Kawu sun tono mana kurakurai da yawa. Misali uwa da 'ya da jika duk suna ɗaya suke amsawa, manhajar ta riƙa haɗe su ta mai da su saniya guda. Don haka na bar kwafi a cikin filashinmu, a jakar gwaji. Ranar da na miƙa wa aminina da hannuna na ce masa wannan amanar Kawu ce, daga ni sai shi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, Kawunka ai Kawuna ne." Ya sha nonon rugar nan ba sau ɗaya ba.

A shekara ta uku muka fara ja-in-ja a kan saki. Shi yana ganin lokaci ya yi da za a ɗora aikin a dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye kayansu kowa ya ɗauka kyauta. Ni ina ganin da saura, domin tubalin murya yana sandarewa a ƙananan wayoyi, kuma su ne wayoyin mutanenmu. Ya ce in don ta ni ne sai mun yi furfura ana gyara. Ba ƙarya ya yi ba, na san halina. Sai ga sanarwar wani baje kolin fasaha na matasa a cikin Katsina. Ya matsa mu je, na ce ba zan kai ɗanyen tuwo gaban mutane ba, ga shi kuma ina tsaron jarrabawa a makon. Ya ce to shi zai je ya yi bayani da baki kawai, ya ji ra'ayin mutane. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Filashin yana wurinsa, makonsa ne.

Ranar Litinin a ɗakin malamai wani abokin aikina ya miƙo mini waya. "Wannan ba mutuminka ba ne?" Bidiyo ne. Ga aminina cikin sabuwar shadda da hula, riƙe da abin magana, yana cewa "na ƙirƙira", "na lura", "na sake shi kyauta ga duniya tun jiya". Zan faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni: abin da ya fara sukata shi ne wannan "na". Shekara uku, ko sau ɗaya bai ce "mun" ba. Ina cikin wannan zafin ne mai ɗaukar bidiyon ya juya ga babban allon da ke bayansa, na ga wata jar saniya mai karyayyen ƙaho. Na san ta, ita ce ta taka mini ƙafa. Muryar Kawu ta fito ta lasifika tana faɗin sunanta, mutane suka yi tafi. A saman allon ga lamba da jan rubutu, ƙatuwa, jimlar garken. A gefe ga taswira da ɗigo a bayan Runka.

Ba zan rubuta lambar a nan ba. Ya isa haka.

Ban nemi izini ba na bar makaranta na tari mashin. Na same shi a shago da rana tsaka, mutane sun cika benci ana taya shi murna. Ya taso da fara'a ya ce a kawo lemo. Na ce ya fito. Muka zagaya bayan shagon wajen batiran sola.

"In maganar suna ce, wallahi ruɗewa na yi," in ji shi. "Yau ɗin nan zan sa sunanka, sama da nawa ma."

Na ce ina makulli?

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai da bakin kawai ya yi niyya, amma da ya ga abin da wasu suka kawo, tarkace, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya ce makullin yana ta tambayar kalmar sirri a kowane shafi, alƙalan baje kolin kuwa minti biyar suka ba kowa. Sai ya zare shi. Ya ce kuma wani daga cikinsu ya gaya masa tun a gwajin farko cewa manyan baƙi lamba suke son gani, don haka ya zauna ya rubuta tubalin ƙidaya, layi kaɗan, ya ɗora. Da zai saki aikin a dandali kuma ya tura jakar gaba ɗaya har da ta gwaji, don masu saukewa su ga misali.

"Kai fa ka gina shi yadda za a zare," ya ce. "Kuma ka ga ko gezau bai yi ba. Ai kamata ya yi ka ji daɗi."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ya faɗa, bai yi gezau ba. Ni na kwashe shekara uku ina tabbatar da cewa ba tubalin da zai gagari mai zara, ban taɓa tsayawa na ce wannan guda ɗaya a haɗe shi da harsashi ba, saboda ban taɓa kawo wa raina cewa hannun da zai zare shi hannun da muke cin tuwo tare ba ne. Na ce masa amanar Kawu fa? Ya ce, "Don Allah wa zai tsaya kallon shanun wani tsoho a Runka? Mutanen can manhaja suka kalla." A nan na san ba ruɗewa ya yi ba. Ya auna, ya ga Kawu bai kai nauyin tafin minti biyar ba. Ban zage shi ba, duk da bakina ya cika. Na karɓi filashina na bar masa gwangwanin.

Kafin la'asar ya cire jakar daga dandalin, amma magana zarar bunu ce. An riga an sauke, wasu har sun fara gina nasu a kai da shanun Kawu a ciki a matsayin misali. Wannan ma da sauƙi, mutanen nesa ne. Bidiyon ne bala'in. Ba 'yan birni suka yaɗa shi ba, mutanenmu ne, don murna. Duk wani zauren hira na waya na Safana da Batsari sai da aka tura shi, ana cewa ɗanmu ya fitar da mu kunya. Ya cika alkawarinsa kuma, ya sa sunana a saman nasa, har ya tura sanarwa cewa ni na tattaro bayanan da hannuna. Wanda bai san garken waye ba a da, yanzu ya sani.

Aikin ya karɓu, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na ji an gina abin asibiti da shi a wata jiha. Ni ban sake buɗe shi ba. Da aminina muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Ya aiko manya sau biyu, na ce na yafe, kuma ina roƙon Allah ya sa wata rana maganar ta zama gaskiya.

Mako biyu na yi ina kewaye-kewaye ban je rugar ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina gaya wa kaina wataƙila bai ji ba, ai ba ya kallon bidiyo. Wata safiya na shiga gaida mahaifiyata, ta amsa ba ta dube ni ba, tana ta tankaɗe. Sai ta ce, "An ce yayana zai tashi. Ka tahi ka same shi tun ƙafarka na da amfani."

Na isa bayan la'asar. An riga an kwance bukkoki biyu, an ɗaure kaya. Dawa tana tsaye a gona ba ta isa yanka ba, wadda shi da 'ya'yansa suka noma. Kawu ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo nono, ya tambayi mahaifiyata, da iyalina, da makaranta, da hanya, ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Na fara ba da haƙuri, ina tuntuɓe da kalmomi, ina cewa ba ni na saki ba, abokina ne. Ya ɗaga hannu.

"Ni ban san abokinka ba a wagga magana. Kai na ba."

Ya sauke hannun. Ya ce 'ya'yansa sun ga baƙin fuskoki a kan mashin sau biyu suna zagaya mashaya, sun ce ba za su kwana da ido biyu har rani ba, za su yi kudu. Dawar kuwa ya bar wa maƙwabci. Ya faɗi wannan kamar labarin wani. Sannan ya gaya mini yadda ya ji. Ya je kasuwar Safana sayen gishirin shanu, wani dillali ya tare shi cikin mutane yana dariya, ya ce ashe Alhaji haka Allah ya yi maka arziki kake kukan babu, ya faɗi lambar da ƙarfi.

"Tun ina yaro nike bin su," in ji Kawu. "Ban taɓa sanin yawansu ba sai da dillali ya hwaɗa mani a gaban masu gishiri."

Na ciro wayar na ce zan goge komai yanzu a gabansa. Ya ce in goge in na ga dama, shi ba wannan ke damunsa ba. Ya juya ya dubi hanyar da shanun ke dawowa, ya rage murya don kada matan su ji.

"Abin da ya dame ni, Kaɗo, tun rannan in sun shigo ƙirgawa nike. Da, in ɗaya ba ta nan sunanta ke zo mani. Yanzu sai in ga sun cika, in ji sanyi, sai daga baya in lura ban dubi fuskar ko ɗaya ba. Na yi addu'a, na yi ƙoƙarin in bari. Na kasa."

Na mayar da wayar aljihu. Can sai ga ƙura ta taso, garken ya doso gida, jar nan mai karyayyen ƙaho a gaba. Kawu ya miƙe ya dogara sandarsa a bakin shinge kamar yadda na saba ganinsa tun ina yaro. Na tsaya a gefensa. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ban kalli shanun ba, shi na kalla. Leɓɓansa suna motsi.